Gadon Ƙarfen da Ya Samu Ɗaki a Ƙaura

Malaman tarihi sun ƙarar da tawada a kan ganuwa da takubba da sunayen waɗanda suka ci gari, alhali ba abin da yake tona asirin al'umma kamar wurin da take kwantar da tsofaffinta. Daula takan faɗi a gina wata a kan kufanta, amma ranar da aka sauko da tsohuwa daga kan gadonta, an rufe babin da ba a sake buɗewa. Na daɗe ina koya wa 'yan sakandare tashin dauloli da faɗuwarsu a nan Ƙaura, ban kuwa taɓa samun misalin da ya kai gadon kakata Inna Tumba ba. Aibinsa ɗaya, ba ya cikin manhaja.

Gadon ƙarfe ne mai rumfa, da ƙwallayen tagulla a kan ginshiƙansa, da 'yan madubai jere a wajen kai. Mahaifinta ya saya mata shi da za a kai ta ɗaki. A jirgin ƙasa ya iso Ƙaura, zamanin da jirgi yake isowa, aka kwance shi aka ɗora wa raƙumi zuwa Dauran. Inna ba ta ga tsawonsa ya ishe ta ba, sai ta sa aka ɗora ƙafafunsa a kan tubala, ta kuma jibga katifu har ya zama sai da 'yar kujera take hawa. A ƙarƙashinsa akwai duniya guda: kwalla, da tasoshin da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, da tukunyar daddawa, da ƙwan zabin da take ɓoyewa ta manta. Ba mai hawansa sai ita. Kakanmu ma, in ji matan gidan, sai ya yi sallama.

Da hutun lokacin ɗari ake kai mu Dauran, ni da ƙanwata Hassi. In an idar da isha'i sai a shigo da kaskon garwashi a ajiye tsakar ɗaki, mu da yaran gidan mu kewaye shi, kowa da gujiyar da zai binne a toka. Ita tana can sama. Hasken wutar yakan kama madubin gadon ya rarrabu, sai ka ga kamar idanu da yawa ne suke taya ta kallonmu. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Takan buga zobenta a jikin ƙarfen ta ce, "Ku kama bakinku, ƙarya za ta wuce."

Ba don taushin zuciya muke son tatsuniyoyinta ba. A bakin sauran kakanni, marainiya takan sha wuya sannan ta auri ɗan sarki. A bakin Inna, marainiya takan sha wuya sannan ta tsufa. In wani yaro ya fara kuka, sai ta leƙo daga sama ta ce a matsar da shi daga wuta kada ya kashe ta da hawaye.

Ni mijinta ne, kamar yadda kowane jika namiji mijin kakarsa ne, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa ta yi asarar aure ba. "Miji ba cefane, ba kunya, ga majina," haka take gabatar da ni ga baƙi. Tsakanin kaka da jika ba maganar da ba ta halatta, tunda duk wasa ne. Ubana kuwa, Malam Lawali, shi ne ɗanta na fari, saboda haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ta matsu sai ta ce "wancan na Ƙaura". In ya shigo gaishe ta, sai ta juya wa bango fuska ta amsa wa bangon. Amma ranar da za mu koma, ita ce take cusa mani kwalbar man shanu mafi kyau, ta ce, "Kai ma mutanen gidanku." Baba da kansa ya yi mana bayanin abin, don shi mutum ne mai son bayani, a ofishin ilimi ya yi aiki har ya yi ritaya. Ya ce kunyar ɗan fari ke nan, uwa tana ɓoye abin da ta fi so, kuma ɗa na gari shi ne wanda ya iya karanta shirun uwarsa. Na riƙe wannan darasi. Shi ma ya riƙe shi, ta tasa hanyar.

Tatsuniyar da ta fi maimaita mana ita ce ta tsohuwar kura. Kurar ta tsufa, haƙora sun zube, ƙafafu sun ƙi. 'Ya'yanta uku, kowa da raminsa. Na fadama ya ce zai riƙe ta da rani, na dajin ƙaya ya ce zai riƙe ta da damina. In lokacin ɗaya ya cika, sai ya goya ta ya kai ta gindin wata tsamiya da take tsakanin ramukan biyu, ya yi kuka, ɗan'uwansa ya zo ya ɗauka.

Rannan na fadama yana goye da ita sai ya tsaya. A nan Inna takan siranta murya, muryar ɗa mai ladabi: "Inna, wutsiyar ga taki tana jan ƙasa, tana kama ƙaya. Ko in rage maki ita?" Sai ta amsa da muryar tsohuwa: "Cire, ɗana. Ƙudan ma sun raina ni, sun daina zuwa." Aka cire wutsiya. Da na dajin ƙaya ya karɓa, sai ya ga kunnuwan suna shiga masa ido. "Mi za ki ji, Inna, wanda ba za mu ji maki ba?" Aka cire kunnuwa. Ƙafafu kuwa ba su ja dogon zance ba, tunda ɗaukarta ake yi. Haka aka yi ta ragewa, kowane da neman izini, kowane da godiya, har abin da ya rage na tsohuwar kura sai dariyarta. Ita ce aka ajiye a gindin tsamiya, kowane ɗa yana zaton yau girkin ɗan'uwansa ne. Shi ya sa har gobe in kana tafiya tsakanin gari da gari za ka ji dariyar kura, ka waiwaya ba ka ga kowa ba.

Hassi ba ta barin lissafi ya wuce ta. Ta ce, "Inna, kin ce uku ne. Ina ɗayan?"

"Wancan shina da aiki."

Ni kuma na ce, "To me ya sa take dariya?"

"Kuka kaka so ta yi, a ce ɗiyanta ba su riƙe ta ba?" Ta sake buga zoben. "Ƙarya ta wuce. Wanda ya jiƙa tabarma, shi zai wanke."

Shekaru suka ja. Kakanmu ya rasu, gidan Dauran ya rage mutane, daji kuma ya ƙi zaunuwa har manoma suka fara kwana da takalmi a ƙafa. Ana cikin shawarar yadda za a ɗauko Inna, sai ciwo ya yanke shawarar: ta faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Allah ya bar mata harshe, abin da wasu surukai suke ganin shi ya kamata a fara ɗauka. Da aka sallame ta daga asibiti, aka kawo ta gidanmu, aka aika motar ɗaukar hatsi ta kwaso gadon, aka kafa shi a ɗakin baƙi. Inna ta kwanta a kan gadonta, a gidan ɗanta na fari. Ba ta taɓa cewa ta ji daɗi ba. Ta kushe tuwon, ta kushe ruwan famfo, ta ce zakaran Ƙaura ba su iya cara ba. Duk wanda ya san ta ya san ba ta taɓa samun kwanciyar hankali irin wannan ba.

Jinyar shanyayye ba abin da ake rubutawa a littafin ladubba ba ce. Akwai juyawa don kada bayanta ya yi gyambo, akwai leda a ƙarƙashin zane, akwai fo, akwai wankin da ba ya bushewa kafin wani ya taru. Gadon da ya yi shekaru yana ɗaukaka ta, yanzu shi ne yake karya ƙugun matan gida, don sai an haɗu ake sauko da ita. Mahaifiyata da matata suka sha wannan aiki. Baba bai taɓa shiga ciki ba, ba kuwa wanda ya zarge shi, al'ada ta sauke masa wannan nauyi tun ranar da aka haife shi. Abin da al'ada ba ta iya tarewa ba shi ne wari. Da zafi ya shigo, sai ya fara ratsa tsakar gida yana isa falon da Baba yake karɓar tsofaffin abokan aikinsa.

Sai Baba ya kira ƙannensa, Baffa Sani mai sayar da albasa a Shinkafi, da Goggo Balki da take aure a Zurmi. Ya yi masu jawabi mai kyau, na so a ce ɗalibaina sun ji tsarinsa. Ya ce hidimar uwa ƙofar aljanna ce, kuma ba adalci ba ne shi kaɗai ya tare ƙofar ya bar 'yan'uwansa a waje. Lada abin rabo ne. Amma kada a yi mata dole, a tambaye ta inda take so. Baffa ya dubi Goggo, Goggo ta dubi ƙasa. Ba wanda yake iya cewa ba ya son lada.

Aka shiga ɗakin. Baba ya zauna a tabarma daga wajen ƙofa, inda ɗan fari yake zama. Baffa Sani ya durƙusa gaban gadon.

"Inna, muna so ki zaɓi inda za ki zauna."

"Duk inda kunka aje ni."

"Shinkahi?"

"To."

"Zurmi, wurin Balki?"

"To."

"Ko nan Ƙaura, wurin Yaya?"

Inna ta ja mayafi da hannun da yake motsi, ta juya wa bango fuska. Ba ta ce uffan ba. Duk wanda yake ɗakin nan, har 'yar da take share ƙasa, ya san fassarar wannan shiru. Da za ta iya cewa "to" a kan Ƙaura, da ba Ƙaura take so ba. Muka jira mutumin da ya koya mana karatun shiru ya karanta.

Daga wajen ƙofa Baba ya gyara murya. "To, kun dai ji. Ta ambaci biyu, ba ta ambaci ɗaya ba. Ba za mu sa mata magana a baki ba."

Sai zancen gado. Ɗakin da Baffa ya tanada tsohon ɗakin ajiyar albasa ne, ƙofarsa ba ta shigar da rumfa. Na Goggo kuwa, da ita da 'ya'yanta mata suke kwana a ciki. Kuma ba mai hankalin da zai riƙa kwance gadon ƙarfe yana ɗaurewa a kan hanyar da direbobi suke bi da addu'a. Baba ya ce a bar shi a nan, amana ce, ba zai bari ko tsatsa ta taɓa shi ba. Gidan da ya rasa wurin Inna ya samu wurin gadonta.

Wa zai gaya mata? Ɗa ba zai iya ba, 'ya ba za ta iya ba. Irin wannan saƙo miji ake ba, don a bakinsa komai wasa ne. Safiyar tafiya na shiga na tsaya a wajen ƙafafunta.

"Tsohuwa, tattara naki ya naki. Na sake ki. Gado kuma na riƙe, ladan haƙurin da na yi da ke."

Ta daɗe tana kallon rumfar. Da ta buɗe baki, sai ta ɗaga murya fiye da yadda ake ɗagawa ga mutumin da yake tsaye kusa. Baba yana nan a tabarmarsa bayan ƙofa, yana jan carbi.

"Kai dai an yi mijin banza! Ana hidda matarka daga gida kana tsaye kana washe baki? Tahi ka gaya ma mai gidan ga, ni ba ni da ci. Ba ni kwana da hitila. In warin ne, a maida ni can wajen awaki, su ba su taɓa kai ƙara ba. A bar ni in mutu bisa abina. Ba ni daɗewa, na yi alkawari."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Goggo ta yi dariya har da hawaye, ko kuwa dai hawayen ne suka zo da dariyar, ban tantance ba. Daga waje aka ji ta Baba, mai sanyi, irin ta manya. Ya ce, "Inna da jikanta, ba su gajiya." Shi ke nan. Wasa ba a ba shi amsa. Tun da ta haife shi, sau ɗaya ta roƙe shi abu, ta kuma bi ta ƙofar da al'ada ta bar mata a buɗe, ita ce kuwa ƙofar da ba a tilasta wa kowa ya ji abin da ya fito ta cikinta.

Da aka zo ɗaukarta, hannunta na dama ya kama ginshiƙin gadon. Baffa Sani ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kowane yatsa da bisimilla.

Aka fara karɓa-karɓa. In mai riƙo ya gaji, abin da a harshen iyali ake kira "wata ya cika", sai a sa ta a mota. Kwalla da tasoshi aka raba wa jikoki mata don kada su lalace. Akwatin tufafinta ya tsaya a Shinkafi, don bayan mota ba wuri, kuma mai kwanciya zane biyu sun ishe ta. Katifar da aka tafi da ita ta sha fitsari ta ruɓe, aka ga tabarmar roba ta fi sauƙin wankewa. Zoben ma aka yanke shi lokacin da yatsan ya kumbura. Ba a taɓa ɗaukar abu ba a tambaye ta ba, ina shaida. Ita kuma amsarta ɗaya ce: "Ɗauki, ɗana." In maƙwabta suka shigo dubiya suka ce sannu da yawo, sai ta ƙyalƙyale ta ce, "Ɗiyana ne ka rububina, kowa shina so in zo wurinai." Wata rana Hassi, wadda yanzu take da nata 'ya'yan, ta kira ni a waya bayan ta dawo daga duba ta. Ba ta ko gaishe ni ba. Ta ce, "Yaya, saura dariyar."

Hanyar da direbobi suka yarda da ita daga Shinkafi zuwa Zurmi sai ta biyo ta Ƙaura, a nan ake sauya mota. Saboda haka duk sauyin riƙo Inna takan shigo garinmu, a kwantar da ita a kujerar baya a tasha, tsakanin masu keke da 'yan acaɓa, wurin da in ka ɗaga kai kana hango bishiyar ƙofar gidanmu. Baba bai taɓa fashin zuwa ba. Yakan zo da farar riga da ledar lemu, ya durƙusa a gefen taga ya gaishe ta. Ita kuma ta juya ga ɗaya tagar ta amsa wa gilashi. Mutanen tasha sukan ce ka ga ɗa, ka ga uwa, irin tarbiyyar da ta ƙare. Sau ɗaya, bayan ya koma gefe yana sallamar direba, ta yafito ni.

"Miji."

"Tsohuwa."

"Ƙahwar gadon ta baya ta hagu tana kuka in ba a sa mata man gyaɗa ba. Kada ku sa na inji, shina ɓata zane."

Ba ta tambayi kowa a gidan ba.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar kura gargaɗi ce ga 'ya'ya marasa imani. Da na fara koyarwa na ɗauka yabo ce ga haƙurin iyaye mata, har na taɓa kawo ta misali a aji. Yanzu na lura babu marar imani ko ɗaya a cikinta. Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya ciri wutsiya ba da izini ba. Irin tamu muguntar da sallama take shigowa, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa ta tambayi lafiyarka, sannan ta nemi ka sa mata albarka, ka kuwa sa. Abin da na kasa warwarewa shi ne na ukun nan mai aiki. Inna ta tanadar wa ɗan fari uzurinsa tun shekaru kafin ya buƙace shi, a gaban 'ya'yansa, a bakin wuta. Ko kare shi take yi, ko ƙarar sa take kai mana tun da wuri, ban sani ba. Mai yiwuwa a wurin uwar da aka hana faɗin sunan ɗanta, duka biyun magana ɗaya ce.

Baba ya cika alkawarin amana. Ya sa an yi wa gadon sabon fenti, an goge ƙwallayen da toka da lemun tsami, an shimfiɗa farin zane da ba a taɓa kwanciya a kansa ba. Ɗakin yana ƙamshin turaren wuta. In manyan baƙi suka zo, yakan buɗe masu ƙofar ya ce, "Gadon mahaifiyata ke nan," muryarsa tana rawa, kuma rawar gaskiya ce, ban ce ta ƙarya ba ce. Su kuwa baƙi, da sun ga shimfiɗaɗɗen gado ba kowa a kai, ga dattijo yana share ido, sai su ɗaga hannu su ce Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Baba yakan ce amin, don addu'a ba a mayar da ita.

Inna ba ta mutu ba. Wannan watan tana Zurmi.